Dukiya a wuri shida, aljihu babu ko sisi

Tambaya: Wani ɗan kasuwa daga Kano, mai shekara 54, ya aiko da wannan: "Tun muna samari ake gaya mana kada mutum ya tara dukiyarsa wuri guda, kuma na bi shawarar. Ban da jarin shago, ina da filaye uku da gidan haya ɗaya da nake ƙiyasta su a kan naira miliyan 70, shanu 22 a ruga na kamar miliyan 12, hatsi a sito na miliyan 6, dala 4,000, sukuk (takardar zuba jari ta gwamnati marar kuɗin ruwa) na miliyan 4 da na saya a 2020, da wasu hannayen jari tun na 2007 da ban ma san inda takardunsu suke ba. In an haɗa za su kai miliyan 100. Amma watan jiya da aka nemi miliyan 3 na aikin da za a yi wa mahaifiyata a asibiti, sai da na ci bashi, don na ƙi taɓa dalar, ina ganin za ta ƙara tashi. Ga yara uku a jami'a, ga auren 'yata baɗi. Ban san ko gaba nake yi ko baya ba. Ina kuskuren yake?"

Amsa: Alhaji, Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne.

Na daɗe ina zama da mutane irinka muna baje takardu, wani a ofis, wani a kan tabarma a zaure, kuma kusan kowa da wannan kukan yake zuwa. Rarraba dukiyar da ka yi daidai ne. Inda ka tsaya ne matsalar, domin ka ɗauka da an rarraba an gama, alhali a ranar ne aikin ya ninku. Mai shago ɗaya littafi ɗaya yake riƙewa. Kai kana da abu shida, kowanne da kasuwarsa, da lokacinsa, da mutanen da suka shiga tsakaninka da shi, kuma babu littafi ɗaya da ya tattara su. Miliyan 100 ɗin nan da ka ambata a baki kawai take. Ba ka taɓa gwada ta ba sai watan jiya, ka kuma ga yadda ta kaya.

Mu fara da abin da ya kai ka ga cin bashi. Kowace kadara tana da tsawon lokacin da take ɗauka kafin ta koma tsabar kuɗi ba tare da an karya mata farashi ba. Dala, ka shiga kasuwar 'yan canji ta Wapa da hantsi, kafin azahar kuɗi sun faɗa asusunka. Hannun jarin manyan kamfanoni 'yan kwanaki ne, in takardunka a gyare suke. Saniya sai ranar kasuwa, Juma'a a Wudil ko Alhamis a Maigatari, kuma sai an koro ta daga ruga an biya mota. Hatsi yana sayuwa kullum a Dawanau, amma farashin da kake hange ba ya zuwa sai rumbunan manoma sun yi ƙasa. Fili kuwa wata uku, wata shida, wani har shekara yana jiran mai saye. Kashi 70 cikin 100 na dukiyarka yana cikin wannan rukunin na ƙarshe, wanda ya fi kowa nauyin jiki. Buƙatunka kuma duk masu gaggawa ne: asibiti ba ya jira, jami'a tana da ranar rufe rajista, biki an sa rana.

Na taɓa raka wani dattijo, tsohon ma'aikaci, wajen filinsa a bayan gari. Wata biyu kafin nan an taya masa shi miliyan 14 ya ce albarka. Da muka isa, dillalai uku suna zaune a kan benci a gindin darbejiya. Tun kafin a gama gaisawa sai bakinsa ya suɓuce ya ce ɗansa yana kwance, ana jiran kuɗin aiki. Na ga babbansu ya sauke ƙafa daga kan benci ya gyara hula. Nan take kasuwa ta mutu, unguwar ta zama mai zaizaya, aka tuno wata hanya da aka ce gwamnati za ta fitar ta gefen filin. Miliyan 9 suka fara tayawa. A kan 10 ya sallama bayan kwana huɗu, aka kuma cire la'ada. Filin yana nan yadda yake, ko taku ɗaya bai ragu ba. Gaggawarsa ce ta ci miliyan 4. Tun daga ranar, duk wanda ya gaya mini kuɗin filinsa sai na tambaye shi: a cikin kwana nawa?

Wannan ya kawo mu ga wani ruɗi da kusan kowa yake faɗawa. Dala da hannun jari kullum kana ganin farashinsu a waya, saboda haka kana ganin ranar da suka faɗi, gabanka ya faɗi tare da su. Fili babu mai buga farashinsa kowace safiya. Abin da kake ji shi ne wane ya sayar da nasa kaza, kuma ba a yayata wanda ya sayar da faɗuwa. Daga nan aka samo maganar nan cewa ƙasa ba ta faɗuwa. Tana faɗuwa, ba ta dai yin ƙara. Ga kuma haɗarin da ya keɓanta da ita: fili ɗaya a sayar wa mutum biyu, rikicin magada, ko awon igiya da ba shi da takardar gwamnati. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana, abin da kake riƙe da shi izinin zama ne, kuma ana iya karɓewa don aikin jama'a. Mai shaidar mallaka yana da abin riƙewa ranar diyya. Mai takardar mai unguwa kaɗai sai dai roƙo. Ka duba filayenka uku ka ga nawa ne cikinsu suke da cikakkiyar takarda, domin marar takarda bai kamata ka rubuta shi a littafi da farashin mai takarda ba.

Sai batun ko gaba kake yi ko baya. Ba za ka sani ba muddin da naira kake awo, domin mudun da kake awo da shi yana ta ƙanƙancewa a hannunka. A watan Yuni na 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki naira kasuwa ta yi mata farashi. Dalar da take wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Hauhawar farashin kaya ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024, kafin hukumar ƙididdiga ta sauya tsarin lissafinta. A irin wannan yanayi kusan komai "ya tashi", har kayan da aka yi asara a kansu.

Ga ma'aunin da na fi so in ba mutanenmu, don kowa ya san shi: kujerar Hajji. A 2023 ta kusa naira miliyan 3. A 2025 ta haura miliyan 8. Mu ce wani ya sayi fili miliyan 10 a farkon 2023, a 2025 aka taya masa miliyan 18. Zai ce ya ci ribar miliyan 8, har ya yi wa dillali kyauta. Amma kuɗin da ya zuba da farko kujera uku ne har da canji, wanda ya karɓa yanzu kujera biyu ne da ɗan ƙari. A takarda ya ci riba, a zahiri ya rasa kujera guda. Sukuk ɗinka ma haka. Wanda aka fitar a 2020 yana biyan kuɗin haya kashi 11.2 cikin 100 a shekara. Gwamnati ba ta saɓa alkawari ba, sau biyu a shekara kuɗin suna shigowa. Amma a shekarar da kaya suka tashi da sama da kashi 30, wanda ake biya 11.2 baya yake yi a hankali, ko da kuwa ko kwabo bai ɓata masa ba.

Kada ka fahimce ni a kan cewa kowa ya koma auna dukiyarsa da dala. Ma'aunin mutum shi ne abin da zai kashe kuɗin a kai. In kayan shagonka daga Sin ake kawo su, to jarin shago da dala za ka auna shi. Kuɗin cefane da buhun shinkafa da masara za ka auna su. Kuɗin karatu da abin da jami'a take karɓa. Wanda yake fatauci tsakanin Katsina da Maraɗi yana da ma'auni na uku, wato sefa, wadda aka ɗaure da kuɗin Turai a kan 655.957 kowane yuro ɗaya, don haka duk lokacin da naira ta zube sefa tana tsada a hannunsa. Ita ma ba dutse ba ce, a Janairun 1994 an wayi gari an raba darajarta biyu. Abin da nake so shi ne ka zaɓi ma'auni ɗaya ko biyu ka tsaya a kansu, kada fili ka auna shi da naira don ka ji daɗi, dala kuma ka auna ta da farashin da kake fatan ta kai.

Yanzu ga inda ya fi wuya, kuma a nan ne har ƙwararru suke tuntuɓe. Abu shida masu suna daban-daban ba lallai ne su zama haɗari shida daban-daban ba. Sau da yawa igiya ɗaya ce ta ɗaure su ta ƙarƙashi, ranar da aka ja ta sai su taho gaba ɗaya. Wani masanin tattalin arziki ɗan Amurka, Harry Markowitz, shi ya fara tsara wannan a lissafi a 1952, har aka ba shi kyautar Nobel a 1990. Taƙaitaccen bayaninsa shi ne amfanin rarrabawa yana ga yadda kadarorin suke motsi dangane da juna, wato in wannan ta sunkuya waccan ta miƙe. Yawan adadinsu kaɗai ba ya tsinana komai. Matsalar ita ce wannan dangantaka ba ta zama wuri ɗaya, kuma ta fi son canzawa a ranar da aka fi buƙatarta. A Amurka an shafe shekaru ana dogara da cewa in hannun jari ya faɗi takardun lamunin gwamnati za su tallafa. A 2022 hauhawar farashi ta sa aka ɗaga kuɗin ruwa, sai duka biyun suka zube tare: manyan hannayen jari da wajen kashi 19 cikin 100, takardun lamuni da wajen 13.

Mu a nan mun ga namu. Hannayen jarinka na 2007 na san tarihinsu ko ban gansu ba. Bayan da Charles Soludo, gwamnan Babban Bankin Najeriya na lokacin, ya tilasta wa bankuna tara jarin naira biliyan 25, aka matse su daga 89 zuwa 25, sai kowa ya shiga sayen hannun jarin banki, daga ɗan kasuwa har malamin makaranta. Mutum ya sayi na banki biyar ya ce ya rarraba. Ma'aunin farashin kasuwar hannun jari ya haura maki 66,000 a watan Maris na 2008, bayan shekara guda ya dawo wajen 20,000. Bankuna biyar ɗin nan duk hanya ɗaya suka bi. A Agustan 2009 Sanusi Lamido Sanusi, wanda ya gaji Soludo a Babban Banki, ya sauke shugabannin wasu bankuna biyar a rana ɗaya, kuma wasu hannayen jarin ba su sake zama komai ba har yau.

To mu duba igiyoyin da suka ɗaure naka. Shagonka, gidan hayarka da filayenka uku duk a gari ɗaya suke, kuma duk sun dogara ne da aljihun mutanen garin. In kasuwa ta yi sanyi, ciniki zai ragu a shago, ɗan haya zai fara ba ka haƙuri, masu sayen fili za su ja baya, duk a wata ɗaya. Ka tuna ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin sauya fasalin naira: mai saniya, mai hatsi da mai shago duk kuka ɗaya suka yi. Ka tuna ambaliyar Maiduguri ta Satumbar 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, inda mutum zai iya samun gidansa, shagonsa da sitonsa duk a cikin ruwa ɗaya. Shanu da hatsi kuma damina ce ta haɗa su, sai dai a nan akwai ɗan sassauci, domin shekarar da hatsi ya yi tsada makiyaya sukan fito da dabbobi da yawa don su sayi abinci, farashin saniya ya sauka. Wato su biyun suna ɗan taimakon juna. Amma hatsi yana da wata igiyar, ita ce alƙalamin gwamnati. A 2024 an buɗe ƙofar shigo da wasu kayan abinci ba tare da haraji ba na wani lokaci, kuma a 2025 da yawa daga waɗanda suka cika sito da tsada suna jiran bazara sun sayar ƙasa da yadda suka saya, ban da kuɗin sito da maganin ƙwari.

Ko hannun jarin da ya dace da shari'a bai tsira daga wannan ba. Da zarar an cire bankuna masu kuɗin ruwa da kamfanonin giya, abin da ya rage a kasuwarmu ba shi da yawa, mafi nauyinsa siminti ne da sadarwa da kayan abinci. Da naira ta karye, kamfanonin da suke da bashi ko alkawuran biya da dala suka sha wuya. MTN Nigeria, duk girmansa, ya bayyana asara a 2023 da 2024. Wanda ya sayi hannun jari yana ganin ya kauce wa matsalar naira, ashe ta ƙofar baya ta biyo shi. Takardun gwamnati ma ba alkawarin Allah ba ne. 'Yan'uwanmu na Kumasi da Akara sun gani a Disambar 2022, lokacin da gwamnatin Gana ta nemi masu riƙe da takardun lamuninta na cikin gida su musanya su da sababbi masu ƙarancin biya da dogon wa'adi.

Zinare ba ka ambata ba, amma na san za a ce maka ka saya, tunda ya haura dala 3,000 kowane oza a Maris na 2025, ya kuma wuce 4,000 kafin shekarar ta ƙare. Yana da amfani, ba na musu. Sai dai ka sani daga 2011 zuwa ƙarshen 2015 ya sauko daga wajen 1,900 zuwa kusan 1,050, kuma ba ya haihuwa, ba ya biyan haya. In sarƙa ka saya, kuɗin ƙira ya tafi tun ranar. Kuma don Allah kada ka sa zinaren uwargida a cikin lissafinka, kamar yadda na ga maza da yawa suna yi. Nata ne.

Sai mutane. Kowace kadara da ka ƙara, ka ƙara wanda za ka sa wa ido. Yaushe rabonka da zuwa ruga? Na taɓa bin wani abokin hulɗata ganin shanunsa bayan shekara biyu bai leƙa ba. A littafinsa 30 ne har da 'yan maruƙa. Aka shimfiɗa mana tabarma, aka dama fura, makiyayin ya zauna ya fara lissafi da yatsu: biyu ciwon huhu ya kashe da damina, ɗaya ta karye a rafi aka yanka, uku an sayar an sayi dusa da magani da rani ya tsananta, ɗaya ɓarayi suka kora. Da yamma garken ya dawo muka ƙirga 23. Ban ce mutumin ya yi ƙarya ba, wataƙila duk abin da ya faɗa haka ya faru. Amma mai shanu bai taɓa aika ko buhun dusa ɗaya ba, bai taɓa tambayar allurar rigakafi ba, yana zaune a birni yana ninka adadi a zuciyarsa. Kiwo yana da ci: abinci, magani, ladan makiyayi, mutuwa, ga satar shanu da ta addabi Zamfara da Katsina da Kaduna shekara da shekaru. Gidan haya yana da ci: gyara, watannin da ya zauna babu kowa, ɗan hayar da ya ƙi tashi. Ribar hannun jari ana cire mata harajin kashi 10 cikin 100 tun kafin ta iso. In ba ka cire cin kowace kadara daga abin da take kawowa ba, kwatanta su da juna ɓata lokaci ne.

Masu kula da manyan asusu, irin kamfanonin fansho, suna da wata al'ada: suna yanke wa kowane rukuni kaso, in wani ya kumbura ya wuce iyakarsa sai su rage shi su ƙara wa wanda ya rame. A kan kwamfuta aikin minti biyar ne. A wajenka ba haka ba ne, domin ba a yankar kwatan fili a sayar, ba a sayar da cinyar saniya a bar sauran tana kiwo. Ga la'ada da kuɗin takardu a duk juyi. Ga kuma zuciya, wadda ba ta son rabuwa da abin da yake tashi, ba ta kuma son amsa cewa abin da ya faɗi ya faɗi. Abin da ya hana ka taɓa dala 4,000 ke nan har ka je ka ci bashi, alhali a duk dukiyarka ita ce aka ajiye don irin wannan ranar. Hanyar da ta fi sauƙi ga mai irin kadarorinka ita ce gyara da sabon kuɗi. Kuɗin haya, hayar sukuk, ribar shago ta ƙarshen shekara, duk su tafi ɓangaren da ya rame, har sai ma'auni ya daidaita. Ma'ana, Alhaji, ko wane irin fili aka kawo maka da araha a shekara biyu masu zuwa, ka ce Allah ya sa albarka.

Zakka ma tana buƙatar wannan littafin, don kowane rukuni da hukuncinsa. Naira da dala da zinaren ajiya ana haɗa su, in sun kai nisabi, wato kimanin giram 85 na zinare, shekara ta zagayo, a fitar da ɗaya cikin arba'in. Nisabin shanu 30 ne, naka 22 ba su kai ba, sai dai in don sayarwa ka saye su, wanda hakan yake mayar da su kayan kasuwanci. A mazhabar Malikiyya an bambanta ɗan kasuwar da yake juya kaya kullum, wanda yake ƙiyasta hajarsa duk shekara, da wanda yake ajiye kaya yana jiran kasuwa, wanda yake fitar da zakkar shekara ɗaya ranar da ya sayar. Kai kuwa a shago na farko ne, a fili da sito kana kama da na biyu. Wannan ka zauna da malaminka da alƙaluma a hannu. Abin da ya shafe ni a ciki shi ne zakka da tsabar kuɗi ake fitar da mafi yawanta, kuma na sha ganin mai dukiya yana jinkirta ta don babu kuɗi a hannu.

Takardun 2007 kuma kada ka ƙara wata ba ka neme su ba. Ribar hannun jari da masu ita ba su karɓa ba a Najeriya ta haura naira biliyan 100, kuma babban dalili shi ne irin naka: an canza adireshi, an rubuta suna iri biyu, ko mai shi ya rasu iyali ba su sani ba. Ka je wajen dillalin hannun jari mai rajista da SEC, hukumar da take kula da kasuwar hannun jari, a binciko sunanka a CSCS, kamfanin da yake ajiye bayanan masu hannun jari, da wajen masu riƙe da rajistar kamfanonin, a haɗa da lambar BVN ɗinka, a cike takardar da za ta sa riba ta riƙa shiga asusunka kai tsaye. Wasu za ka tarar sun mutu murus, wasu kuma za ka yi mamakin abin da ya taru. In kai da ka saya da hannunka ba ka san inda suke ba, ka ƙiyasta halin magada ranar da ba ka nan, su da sai sun nemo takardar izinin kotu kafin a saurare su.

Da ni ne a matsayinka, ga yadda zan yi. Zan sayi littafi mai bango mai kauri, kowace kadara shafinta: ranar saye, kuɗin saye, inda takarda take, wanda yake riƙe da ita da shaidu, abin da ta ci a shekara, abin da ta kawo, da farashin da za a iya sallamawa a cikin wata ɗaya, ba wanda ake fata ba. Sau biyu a shekara zan sabunta shi, da kaka da kuma watan da nake fitar da zakka. A shafin farko zan jera buƙatun wata 24 masu zuwa da ranakunsu: rajistar yara uku, bikin baɗi, maganin Hajiya, zakka, bashin da ka ci. Jimlar wannan shafin ita za ta gaya maka nawa ya kamata ya zauna a wurin da hannu zai kai gare shi cikin mako guda.

A lissafina ba za ka cike wannan giɓin ba sai ka sayar da fili ɗaya, kuma yanzu ne lokacin, tun babu wanda ya san kana da biki a gaba. Ka zaɓi wanda takardarsa ta fi rauni ko wanda unguwarsa ta daina motsi, ka ba shi wata shida a kasuwa, ka bar dillalai su yi ta zuwa suna komawa. Kuɗin da ya fito ka fara biyan bashi. Na cefane da asibiti na wata shida ka sa a asusun da ba ya haɗuwa da na shago, ko a bankin da ba ya mu'amala da kuɗin ruwa, irin su Jaiz ko TAJ ko Lotus, ko a asusun haɗaka na halal mai rajista da ake iya cirewa cikin 'yan kwanaki. Ka tuna inshorar NDIC, hukumar da take biyan masu ajiya in banki ya durƙushe, naira miliyan 5 take rufewa ga kowane mai ajiya a bankin kasuwanci ɗaya, don haka abin da ya haura ka raba shi banki biyu. Kayan ɗakin amarya da ba sa lalacewa ka fara saye tun yanzu kaɗan-kaɗan, tunda da su za a auna kuɗin bikin ko ka so ko ka ƙi. Dalar ka rubuta mata aiki a gefen shafinta, "asibiti da gaggawa", don ranar da buƙata ta zo kada ka sake tsayawa shawara da zuciyarka. Sukuk ɗin 2020 na shekara bakwai ne, wa'adinsa 2027, kuma sayar da shi kafin lokaci a sa'ilin da sababbi suke biyan fiye da shi yana nufin karya farashi, don haka ka bar shi ya cika, ka sa shi a lissafin kuɗin makarantar wannan shekarar.

Sannan ka zaɓi Asabar ɗaya a watan nan, ka sa buhun dusa biyu da gishiri a bayan mota, ka ɗauki babban ɗanka da littafin, ku tafi ruga. Ku isa kafin la'asar, don ku kasance a tsaye a bakin garke lokacin da shanun suke shigowa.